Rifo da yawa a taga guda: ta yaya ekstenshan zai gane wanda ake nufi?

mai_koyon_kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wani ɗan ekstenshan (ƙarin manhaja da ake ɗora wa edita) na editan kod VS Code, aikinsa kawai ya nuna wa mutum a ƙasan taga halin da ma'ajiyar kod ɗinsa ta Git, wato rifo, take ciki: reshen da yake kai, fayil nawa ya taɓa bai yi komit ba (bai adana canjin a tarihin rifo ba), da ko akwai abin da bai tura ba. In rifo guda ne a buɗe, komai lafiya lau. To amma aikinmu a rarrabe yake, saba tana da nata rifo, fuskar manhaja tana da nata, sai kuma laburaren da dukkansu suke dogara da shi. Da zarar na buɗe su tare sai ekstenshan ɗin ya maƙale wa na farko, ina cikin fayil na saba yana nuna min reshen laburare. A kod ɗin `workspaceFolders[0]` nake ɗauka.

Tambayata biyu ce. Ta yaya zan san rifon da mutum yake nufi a kowane lokaci? Sannan ina so in sa maɓalli guda da zai yi komit ya tura a dukkan rifo a tare, shin hakan dabara ce ko neman fitina?

injiniya_binta:
Wa alaikumus salam. A `[0]` ɗin nan gizo ke saƙar. Tun a 2017, da fitowar 1.18, VS Code ya fara barin mutum ya buɗe folda da yawa a taga guda, kuma daga nan aka daina ba da shawarar amfani da `rootPath`, mai ba da adireshin folda guda kawai. Abin da ka rubuta shi ne tsohon `rootPath` ɗin da sabon suna. Ka ɗauki fayil ɗin da ke gaban mutum daga `window.activeTextEditor`, ka miƙa adireshinsa ga `workspace.getWorkspaceFolder(uri)`, zai dawo maka da foldar da fayil ɗin yake ciki. Ka kuma saurari `onDidChangeActiveTextEditor` don ka sabunta rubutun in ya koma wani fayil.

tsohon_hannu:
Malama Binta ta faɗi gaskiya amma rabin hanya ta kai shi. Folda daban, rifo daban. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, ƙanena, kafin ka ƙara layi ɗaya.

Mutum zai iya buɗe folda guda wadda ita kanta ba rifo ba ce, amma a cikinta akwai rifo biyar a jere. Wani kuma zai buɗe folda uku waɗanda duk sassa ne na babban rifo guda. Wani zai buɗe ƙaramar folda wadda `.git` ɗinta (inda Git ke ajiye tarihin rifo) yana can sama, a wajen abin da ya buɗe gaba ɗaya. Ga sabmodul, rifo a cikin rifo. A duk waɗannan, `getWorkspaceFolder` zai ba ka amsa daidai ga tambayar da ba ita ka yi ba.

Kada ka nemi rifo da kanka. Ekstenshan ɗin Git da ke zuwa tare da editan ya riga ya yi wannan wahalar, kuma yana da ƙofa a buɗe: `extensions.getExtension('vscode.git')`, sai `exports.getAPI(1)`. A nan za ka samu `repositories`, da `getRepository(uri)` wanda zai ba ka rifon da fayil yake ciki, ko da sabmodul ne. Kowane rifo yana da `state.HEAD` mai ɗauke da sunan reshe da `ahead` da `behind`, ga `workingTreeChanges` da `indexChanges`. Duk abin da ka ce kana son nunawa yana nan a shirye. Ka kwafo `git.d.ts` daga ma'ajiyar VS Code cikin aikinka, ka sa `vscode.git` a `extensionDependencies`.

mai_koyon_kod:
@tsohon_hannu Allah ya saka da alheri Malam. Na gwada yanzu, amma `repositories` fanko yake dawowa lokacin da ekstenshan ɗina ya tashi.

tsohon_hannu:
Ka riga shi tashi ne, bai gama lalube ba. Duba `api.state`, in bai zama `initialized` ba ka jira `onDidChangeState`. Kuma ko bayan nan kada ka ɗauki jerin a matsayin abin da ba ya motsi. Rifo na iya buɗuwa daga baya, misali in mutum ya buɗe fayil daga wani wuri, don haka ka rataya kunne a `onDidOpenRepository` da `onDidCloseRepository`. Wanda ya rufu, ka saki duk abin da ka ɗaura masa.

sifili_da_daya:
Ni kam ban ga dalilin duk wannan ba. Ka zagaya folda ka nemi `.git`, shi ke nan. Layi goma ya isa.

injiniya_binta:
@sifili_da_daya a'a ɗan uwa. A cikin sabmodul da kuma `git worktree` (ƙarin foldar aiki ta rifo guda), `.git` ba folda ba ce, fayil ne mai layi guda da ke cewa `gitdir:` sai adireshin inda ainihin kayan suke. Wanda ya rubuta kod yana neman folda zai wuce su bai gani ba. In dole sai mutum ya yi da kansa, ya tambayi Git: `git -C` da adireshin, sai `rev-parse --show-toplevel`. Sannan in ka yi naka lalube, za ka iya nuna rifon da mai kwamfuta ya riga ya ce a ƙyale a `git.ignoredRepositories`, ekstenshan ɗinka da editan su riƙa faɗin abu biyu mabambanta a taga guda.

sifili_da_daya:
Na karɓi gyara a kan worktree. Amma har yanzu ina ganin dogaro da ekstenshan na wani yana da nasa haɗarin. In mutum ya kashe `git.enabled` fa?

tsohon_hannu:
To ya ce ba ya son Git a editansa ke nan, kai ma sai ka yi shiru. Akwai `enabled` da `onDidChangeEnablement` a ƙofar, ka duba kafin ka kira `getAPI`.

hadiza_dev:
Bari in yi magana a matsayin mai amfani, ba mai rubuta ekstenshan ba. Kullum da rifo da yawa nake aiki a fayil ɗin `.code-workspace` guda, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ekstenshan da ke yi min zato. Akwai wani da na taɓa sa wa, ba zan kama suna ba, in na danna umarninsa ina cikin tamina (wurin buga umarni) sai ya zaɓi rifon fayil ɗin da na buɗe a baya, alhali tamina tana cikin wani rifo daban. Ba ya tambaya, ba ya faɗin wanda ya zaɓa. Sai dai in ga sabon reshe ya tsiro a inda ban shuka ba. Cire shi na yi.

Shawarata gare ka ita ce ka raba ayyukanka gida biyu. Abin da nuni ne kawai, kamar rubutun ƙasan taga, bi fayil ɗin da ke gaba, amma ka rubuta sunan rifon a jikin rubutun, ba sunan reshe kaɗai ba. Dukkansu `main` ne ai, in ka rubuta min `main` ba ka gaya min komai ba. Abin da zai canza wani abu kuwa, komit ko turawa ko sauya reshe, in rifo ya wuce ɗaya ka fito da `showQuickPick`, wanda kake zato ya zauna a sama, ni in danna. Dannawa guda ba ta kashe kowa.

abba_linux:
Na goyi bayan Hadiza. Ƙari a kai: `activeTextEditor` ba kullum yake abin da kake tsammani ba. Wani lokaci babu shi sam, kamar in shafin saiti ne a gaba. Wani lokaci kuma abin da ke ciki ba fayil ba ne a faifai, ka duba `uri.scheme`, za ka ga `output` ko `untitled` ko `git`. In ka samu irin waɗannan ka bar rubutun a kan rifon ƙarshe da ka tabbatar, kada ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

In kuma ka sa umarninka a menu na `scm/title`, editan da kansa zai miƙo maka abin da aka danna tare da `rootUri` ɗinsa. A nan babu zato.

garba_monorepo:
Duk kuna ta magance ciwon da ku kuka jawo. Saba, fuskar manhaja, laburare, mutane ɗaya ne ke rubuta su, tare suke canzawa, me ya sa suke rifo uku? Ku haɗe su wuri guda, komit ɗaya ya taɓa duka, tambayar ta mutu. Google a rifo guda suke ajiye mafi yawan kod ɗinsu, a 2016 injiniyoyinsu suka bayyana cewa ya kai layi kusan biliyan 2. In su sun iya, aikin mutum biyar ba zai gagara ba.

tsohon_hannu:
Malam Garba, ba da Git Google suke wannan ba, nasu tsarin suka gina mai suna Piper, da kayan aikin da aka ƙera domin shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Windows. Da Microsoft suka mayar da shi kan Git a 2017, fayil kusan miliyan 3.5 ne, girman kusan gigabait 300, sai da suka rubuta GVFS don kada kowane injiniya ya sauke komai. Daga baya aikin ya haifi Scalar, wanda ya shiga cikin Git a 2.38. A ɗaya gefen kuma ga Android, ɗaruruwan rifo ne, suna tafiyar da su da kayan aikin `repo` da fayil ɗin manifes. Kowane ɓangare akwai manya a cikinsa.

garba_monorepo:
Ai kai ma ka taimake ni. Wahalar da suka sha ce ta sa yau muke da `sparse-checkout` da `--filter=blob:none`, hanyoyin ɗaukar wani ɓangare na rifo kawai, kyauta. Kuma ƙaramin aiki ma ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki.

hadiza_dev:
Yaya Garba, ba kowa ke da ikon zaɓa ba. A wurinmu laburaren na wata ƙungiya ce daban, akwai waɗanda aka yarda su ga fuskar manhaja amma ba a yarda su ga saba ba, kuma izini a matakin rifo ake bayarwa. Ga wanda yake gyara wani buɗaɗɗen aiki na jama'a a gefe yana gwada shi a cikin nasa. Mai rubuta ekstenshan ba zai ce wa duk waɗannan su je su sake tsarin aikinsu ba.

injiniya_binta:
Kuma ko rifo guda ne, mutum ɗaya zai iya buɗe shi sau biyu. Tun Git 2.5 a 2015 akwai `git worktree`, ni kullum ina da `main` a folda guda da reshen da nake aiki a wata, duka a taga ɗaya. Tarihi ɗaya, amma kowacce da nata HEAD (reshe ko komit ɗin da take kai) da nata canje-canje. Don haka ko Malam Garba sai ya haɗu da tambayar.

Mu koma kan tambaya ta biyu, don ita ce ta fi tayar min da hankali kuma ba wanda ya taɓa ta sosai.

tsohon_hannu:
To ga nawa ra'ayin: kada ka yi maɓallin nan, aƙalla ba yadda ka siffanta shi ba.

Git ba shi da hanyar da zai sa aiki a rifo uku ya zama abu guda, ko duka su yi ko duka su fasa. Akwai `git push --atomic`, amma wannan na rassa da yawa ne zuwa waje guda, bai tsallaka zuwa wani rifo ba. Ka ɗauka mutum ya danna maɓallinka. Saba ta tafi. Fuskar manhaja ta tafi. Laburare aka ƙi karɓa saboda wani ya riga shi turawa, ko ƙugiyar bincike (gwajin da ke gudana da kansa lokacin turawa) ta kama kuskure, ko intanet ta yanke a daidai lokacin. Yanzu a can waje akwai saba da ke kiran aikin da babu shi a laburare, kuma na'urar gwaji ta riga ta fara gini a kansa. Me ekstenshan ɗinka zai yi? Ba zai janye abin da ya tura ba sai da tilas, kuma turawar tilas ba abu ba ne da ɗan ekstenshan zai yi wa mutum a bayan idonsa.

Sannan saƙon komit. Abin da ka canza a saba ba shi ne ka canza a laburare ba. Saƙo ɗaya a rifo uku yana nufin aƙalla biyu daga ciki ba su faɗi abin da ya faru ba, kuma wanda zai zo bayan shekara yana bin tarihi shi zai sha wahalar.

umar_jb:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam. Editocin JetBrains sun daɗe suna yin wani abu makamancin haka. Kana jera rifo ɗinka a Directory Mappings, kuma akwai saitin da ke sa aikin reshe ya gudana a dukkan su tare. In sauya reshe ya gaza a ɗaya, sai ya tambaye ka ko ya mayar da sauran inda suke. Komit ma kana iya zaɓar fayiloli daga rifo daban-daban ka ba su saƙo guda. Mutane suna amfani da shi kullum, duniya ba ta tashi ba.

tsohon_hannu:
Lura da abin da ka ambata, sauya reshe da komit. Duka a kwamfutarka suke, ana iya warware su ba wanda ya sani. Turawa ce ba ta dawowa. Ko a can ɗin ai sai an nuna maka jerin abin da zai tafi daga kowane rifo kafin ka amince.

umar_jb:
Wannan haka ne. To sai a ce ya yi maɓallin amma da allon tabbatarwa, ba a ce kada ya yi ba.

abba_linux:
Ni zan tsaya a tsakiya. Akwai ayyukan da ba su da haɗari a yi su a dunƙule: `fetch` (jawo sabon tarihi ba tare da taɓa fayilolinka ba) a duka, nuna wanda ke da canjin da ba a yi komit ba, nuna wanda yake baya, ƙirƙirar reshe mai suna ɗaya a waɗanda aka zaɓa. Wannan kaɗai zai sa in sauke ekstenshan ɗin. In za ka kai ga turawa, ka fara `fetch`, ka tabbatar babu wanda yake baya kafin ka tura ko ɗaya, ka bar mutum ya tsara wanda zai fara tafiya, laburare kafin masu dogara da shi, ka yi su ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya cak a gazawar farko, ka rubuta ɓaro-ɓaro wanda ya tafi da wanda bai tafi ba. Ba zai kawar da matsalar Malam ba, amma zai rage ta sosai.

safiya_ops:
Ina ƙara abu ɗaya a kan sabmodul, tunda an ambace shi an wuce. A nan tsarin turawa ba zaɓi ba ne. Babban rifo lambar komit ɗin ƙaramin kawai yake riƙewa. In aka tura babba kafin ƙarami, duk wanda ya jawo zai samu nuni zuwa komit ɗin da babu shi a ko'ina sai kwamfutar mai turawa. `git push --recurse-submodules=check` yana hana wannan, `on-demand` kuma yana tura ƙananan da kansa. Sannan bayan `git submodule update`, sabmodul ba ya kan wani reshe, don haka `HEAD.name` zai zo maka babu komai. Ka nuna gajeriyar lambar komit a madadinsa, kada ka rubuta `undefined` a ƙasan tagar mutane.

nura_k:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Tunda ana maganar rifo da yawa, ta yaya kuke raba imel na aiki da na kanku? Ina da duka biyun a taga guda.

safiya_ops:
`includeIf`, yana nan tun Git 2.13. A `.gitconfig` ɗinka ka rubuta `[includeIf "gitdir:~/aiki/"]` sai `path` zuwa wani fayil mai ɗauke da imel na aiki. Kada ka manta da `/` na ƙarshe, shi ke sa ya shafi duk abin da ke ƙarƙashin foldar. A cikin wancan fayil ɗin za ka iya sa `core.sshCommand` ya yi amfani da mabuɗi daban. @mai_koyon_kod wannan ma dalili ne na nuna imel ɗin da za a yi komit da shi a allon tabbatarwarka, kowane rifo da nasa.

nura_k:
Na gode Malama, ya yi.

mai_koyon_kod:
Na gyara ɓangaren farko, yanzu rubutun yana bin fayil kuma yana nuna sunan rifo. Amma wani abu ya ɓullo. Na buɗe babbar foldar da duk ayyukana suke ciki don gwaji, wasu rifo ba su fito ba, kuma fankar kwamfuta ta fara ihu.

injiniya_binta:
Na farkon saiti ne. `git.repositoryScanMaxDepth` a 1 yake zuwa, wato mataki ɗaya kawai yake leƙawa ƙasa. Waɗanda suka fi zurfi sai an ƙara lambar, ko a jera su a `git.scanRepositories`. Sabmodul ma akwai iyaka, `git.detectSubmodulesLimit` a 10 yake. Ba aikin ekstenshan ɗinka ba ne ya canza waɗannan wa mutum, ka dai ambata su a bayanin ekstenshan ɗin.

Akwai kuma rifon da Git zai ƙi taɓawa saboda mai foldar daban ne da mai amfani da kwamfutar, tun gyaran tsaro na 2.35.2 a 2022. Wannan sai mutum ya sa shi a `safe.directory` da hannunsa. Kada ka kuskura ka yi masa.

abba_linux:
Fankar kuwa, ka gaya mana gaskiya, kana kiran `git status` da kanka a kowane rifo duk lokacin da wani abu ya motsa?

mai_koyon_kod:
Eh, a cikin `state.onDidChange`, don in tabbatar lissafin sabo ne.

abba_linux:
To ka cire. Lokacin da wannan sanarwar ta iso, an riga an yi `status`, sakamakon ne ke cikin `state`. Kuma `git status` ba karatu kaɗai yake yi ba, yana iya sabunta fayil ɗin `index`, mai gadin fayiloli ya ga motsi, a sake sanar da kai, kai kuma ka sake kira. Ban da haka yana ɗaukar `index.lock` na ɗan lokaci, wanda zai iya sa umarnin da mutum yake bugawa a tamina ya gaza. Duk manhajar da ke kiran `status` a bayan fage ya kamata ta sa `GIT_OPTIONAL_LOCKS=0`.

In a Linux kake, akwai kuma iyakar yawan abin da za a iya gadi, `fs.inotify.max_user_watches`. Babbar folda mai `node_modules` da yawa tana iya cinye ta. Takardun VS Code sun ba da shawarar ɗaga ta zuwa 524288, amma ni na fi son a fara da `files.watcherExclude`, a hana gadin abin da ba a buƙata.

garba_monorepo:
Ina nan ina kallo. Saiti nawa aka lissafa zuwa yanzu? Har yanzu ina kan bakana.

hadiza_dev:
Ka zauna a kai Yaya, ba wanda ya tashe ka. @mai_koyon_kod in ka sa saiti a ekstenshan ɗin, ka ba su `scope` na `resource`, ka kuma miƙa adireshin rifon lokacin da kake kiran `getConfiguration`. Ina so in iya cewa wannan rifon kada a taɓa haɗa shi cikin aikin dunƙule, saboda na wasu ne, karantawa kawai nake yi.

umar_jb:
Wannan ya dawo da mu kan maɓallin. In akwai hanyar ware rifo, akwai allon tabbatarwa, akwai tsari, ni ban ga abin da ya rage na tsoro ba.

tsohon_hannu:
Abin da ya rage shi ne mutum ya saba danna "eh" ba tare da ya karanta ba, kuma kowa yana sabawa. Ni dai a ra'ayina ya fitar da na farko da nuni da `fetch` kawai, ya ga abin da masu amfani za su roƙa.

mai_koyon_kod:
Zan fara da hakan, amma ban cire turawa daga raina ba, zan gwada tsarin Abba a wani reshe. Wata tambayar: worktree biyu na rifo guda, in nuna su a matsayin abu biyu ko in haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya? Kuma `fetch` sau ɗaya ya isa musu?

injiniya_binta:
Sau ɗaya ya isa, ma'ajin tarihinsu guda ne. `git rev-parse --git-common-dir` zai ba ka adireshi ɗaya a dukkansu, da shi za ka gane 'yan gida ɗaya ne, sai dai ka mayar da shi cikakken adireshi kafin ka kwatanta, don a foldar asali ta rifon, `.git` kawai yake dawowa da shi. Wajen nuni kuwa ni na fi son a raba su, kowacce da layinta, saboda canje-canjensu daban ne. Na san Safiya ba za ta yarda ba.

safiya_ops:
Ban yarda ba kuwa. Suna ɗaya a sama, rassan a ƙarƙashinsa. In kana da worktree huɗu a rifo uku, jerin ya zama goma sha biyu, ba ka gane komai. Ka sa shi a saiti, ka turo mana mu gwada duka biyun.